Yadda za ka sa kwamfuta ta riƙa tsaftace maka jerin imel da kanta

In kana tura imel wa mutane da yawa a lokaci ɗaya, kwastomomi ne ko iyayen ɗalibai ko membobin ƙungiya, ka san saƙon nan na Mailer-Daemon da ke cika maka akwati bayan kowane turi. Adireshi ɗari biyu ka iya bi da hannu, amma in sun kai dubu goma ina ka ga lokacin? Kuma ƙyale su ba mafita ba ce, Amazon SES misali, wato sabis ɗin tura imel na Amazon, in abin da ke dawo maka ya kai kashi 5 cikin ɗari za su sa wa asusunka ido, in ya kai kashi 10 suna iya tsayar maka da turi gaba ɗaya. To ga yadda ake saita abin.

Da farko ka ware akwati guda wanda ba shi da aiki sai karɓar saƙonnin da suka dawo. Kowane imel yana da adireshi biyu na mai turawa, akwai na From wanda mutum yake gani, akwai kuma Return-Path da ke ɓoye wanda sabar ɗaya ɓangaren take mayar wa da saƙo in ya ƙi shiga. Wannan na ɓoyen za ka canja zuwa sabon akwatin, na From kuma ka bar shi yadda yake saboda masu ba ka amsa.

Na biyu, ka sa wa kowane mai karɓa alamarsa a cikin Return-Path ɗin. Dabarar sunanta VERP, Daniel Bernstein mai manhajar sabar imel ta qmail ne ya fito da ita a 1997 kuma har yau ita ake yi. Wato in lambar kwastoma a rumbun bayananka 4821 ce, saƙonsa zai fita da dawowa+4821 a gaban domen ɗinka. Amfaninta shi ne in wani ya karkatar da imel ɗinsa daga tsohon adireshin ofis zuwa wani wuri, saƙon da zai dawo maka yana ɗauke da adireshin da ba ka taɓa gani ba, amma lambar nan ba za ta yi maka ƙarya ba. In Postfix kake amfani da shi a matsayin sabar imel ɗinka ka tabbata recipient_delimiter yana kan alamar +, shi ke nan duk za su faɗa akwati ɗaya.

Na uku shi ne inda mutane suka fi kwafsawa, karanta dalilin dawowar. A cikin saƙon akwai layin Status mai lamba uku da ɗigo a tsakani, shi ɗan furogiram ɗin da za ka rubuta don karanta akwatin zai tsinto, kar ya dogara da turancin bayanin don kowace saba da irin nata surutun. In lambar ta fara da 4 matsalar ta ɗan lokaci ce, saba ta yi cunkoso ko ta sauka, kuma taka sabar za ta yi ta sake gwadawa, Postfix har kwana 5 yake yi kafin ya haƙura. In ta fara da 5 an ƙi karɓa ke nan, amma fa ba duk 5 ba ce mutuwar adireshi. 5.1.1 na nufin babu mai wannan sunan, wannan a cire shi nan take ba sai an yi shawara ba. 5.2.2 akwati ne ya cika, mai shi yana nan da ransa, wataƙila hotuna da bidiyo ne suka cinye masa gigabait 15 ɗin da Google ke bayarwa kyauta, gobe ya share ya dawo. Ita kuwa 5.7.1 da 'yan uwanta masu 5.7 yawanci laifinka ne malam, an toshe ka ne saboda ana zargin tarkace (spam) kake turawa ko SPF da DKIM ɗinka, wato shaidar cewa daga domen ɗinka saƙon ya fito, ba su zauna daidai ba. In ka bar furogiram yana goge duk mai 5, ranar da Gmail ya toshe ka na awa biyu za ka wayi gari rabin kwastomominka sun tafi, lafiyayyu kuwa. Don haka ka sa masa birki, in 5.7 ta yi yawa daga kamfani ɗaya ya daina taɓa kowa ya turo maka sanarwa.

Akwai kuma amsar nan ta "ina hutu sai wata mai zuwa" da take faɗowa akwatin, ba dawowa ba ce, ba ta ɗauke da layin Status ɗin nan, a wuce ta kawai.

Na huɗu, maki. Ga waɗanda ba su mutu ba amma suna ta dawowa sai ka riƙa ƙirga musu. Mailman, manhajar sarrafa jerin imel, yana dakatar da adireshi in makinsa ya kai 5, in kuma an yi kwana 7 bai sake dawowa ba sai ya yafe masa a fara daga sifili, bayan dakatarwa ma sai ya tura gargaɗi sau 3 kafin ya cire shi. Ni a ganina tsarin ya yi, sai dai in sau ɗaya kake turi a wata ka tsawaita kwana 7 ɗin nan, in ba haka ba makin ba zai taɓa taruwa ba.

Na biyar, kar ka goge adireshi, ka mayar da shi jerin waɗanda aka hana tura wa, da kwanan wata da lambar dalili. In ka goge, wata rana yaron ofis zai ɗauko tsohon fayil ɗin Excel ya sake lodawa, matattun duk su dawo.

Sai ka ɗaura aikin a cron, mai tayar da aiki a kan lokaci a saba, ya riƙa buɗe akwatin ta IMAP, hanyar da furogiram ke karanta imel, duk minti 15. In kuma kamfanin tura imel irin SES ko Mailgun ko SendGrid kake biya ba ka buƙatar akwatin ma, su za su riƙa turo wa sabarka rahoton kowace dawowa kai tsaye, naka kawai ka karɓa ka rubuta.

Sauran gyaran a bakin ƙofa yake. Duk wanda ya yi rajista a tura masa saƙon tabbatarwa, sai ya danna sannan ya shiga, nan za ka tace masu rubuta gmial a madadin gmail. Wanda ya kai ƙararka a matsayin tarkace a cire shi a ranar. Tun Fabrairun 2024 Gmail ya wajabta wa masu tura saƙo 5,000 a rana SPF da DKIM da ɗan'uwansu DMARC, da maɓallin fita na danna ɗaya wanda za a cika cikin kwana 2, kuma ƙorafi kar ya kai kashi 0.3 cikin ɗari, kana iya duba naka a Postmaster Tools na Google. Su kuma waɗanda suka shekara ba su danna komai ba, ka sa furogiram ya tura musu tambaya guda ko suna so a ci gaba, wanda ya yi shiru a ajiye shi gefe, don wasu tsofaffin adireshin da aka yasar ana mayar da su tarko na kama masu tura tarkace.