Ciwon kan damuwa: kurakuran da na gaji da gani a shagon ɗinki

Duk gabanin sallah sai na ga yaran shagonmu a Wunti da ke Bauchi suna maimaita abin da ya taɓa kwantar da ni. Ɗinki ya taru, mai kaya na ta kira, an ɗauke wuta, sai ka ji kai kamar an naɗa masa rawani an tamke. Ciwon kan damuwa ke nan. Idan hankali ya tashi, tsokar ƙeya da kafaɗu da muƙamuƙi kan ɗaure ba ka sani ba, barci ya ragu, ciwon ya samu wurin zama.

Babban kuskure shi ne ƙwaya kullum. Shekarar da na karɓi aikin da ya fi ƙarfina, na yi wata huɗu ina haɗiyar farasitamol mai haɗin kafeyin (sinadarin da ke cikin kofi) safe da yamma. Da ta sake ni, kan ya dawo, in ƙara. A asibiti likita ya ce maganin ne da kansa ya koma ciwon. Wanda ke shan farasitamol kwana 15 a wata, ko mai haɗin kafeyin kwana 10, har ya wuce wata uku, ya shiga wannan tarkon. Makon da na daina na ji jiki ƙwarai. To ku da kuke ajiye katin ƙwaya a aljihun keken ɗinki kamar alawa, ku ji tsoron Allah, ku ji tausayin kanku!

Kuskure na biyu, kai na sarawa sai a ce "maleriya da taifot", a tafi kemis ba gwaji. Kuɗi sun tafi, damuwar na nan.

Sai ƙanana: tsallake karin kumallo, ƙin shan ruwa a zafin Afrilu, latsa waya har ƙarfe biyun dare.

Ni dai yanzu duk awa ina tashi daga kan keke in miƙe. Da dare in ɗora tsumma mai ɗumi a ƙeya. Wanda ya fi yi min aiki kuwa shi ne koyon cewa "Hajiya, ki yi haƙuri, ba zai samu ba kafin sallah."

Amma ciwon da ya faɗo kwatsam da tsanani, ko ya zo da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko mutuwar ɓarin jiki, ko mai ciki ta ji shi tana gani dishi-dishi, wannan a wuce asibiti a ranar.