Yadda hukumar gari za ta tsare magudanar ruwan ƙazanta daga dagwalon masana'antu

Abin da mutane da yawa ba su sani ba game da matatar ruwan ƙazanta shi ne abu ce mai rai. Manyan tankunan nan da zaka ga ana hura musu iska ruwa na tafarfasa kamar ana dafa shi, cike suke da ƙwayoyin bakteriya, su ne ma'aikatan gaskiya, su ke cinye bahaya da fitsari da ruwan wanke-wanke da ke zuwa daga gidaje har ruwan ya washe a sake shi cikin kogi. To su waɗannan ƙwayoyin abincin gida suka sani, ran da wata majema ko kamfanin shafa wa ƙarfe ƙyalli ya juye musu asid ko gubar sayanayid cikin dare, kafin gari ya waye sun mutu, kuma sai an ɗauki makonni kafin su sake hayayyafa, duk tsawon lokacin nan ɗanyen kashi ne ke wucewa kogi inda wasu ke ɗiba a ƙasa. Shi ya sa idan kai ne aka ɗora wa wannan aiki, ko injiniya ne kai ko duba-gari ko kansila, hankalinka ya koma bakin ƙofar masana'anta, can ake tare gubar tun ba ta shiga bututun jama'a ba, domin in ta riga ta gauraya da ruwan gari gaba ɗaya babu mai iya tsince ta.

Fara da sanin waɗanda ke zuba maka ruwa. Wannan aikin ƙafa ne, ba na zaman ofis ba. Ka karɓo jerin masu biyan kuɗin ruwan famfo da yawa, ka haɗa da rijistar kasuwanci, sannan ka ɗauki taswirar bututu ka bi layi layi kana ƙwanƙwasa ƙofa. Ka ba kowa fam ya cika: me yake sarrafawa, wane sinadari yake saye, lita nawa yake amfani da ita a rana, ƙarfe nawa yake wanke injina, ina ruwan wankin ke bi, yana da rijiyar burtsatse tasa ko a'a (wannan tambayar kar ka manta da ita, mai burtsatse ba ya fitowa a lissafin mitar famfo amma ruwansa a bututunka yake ƙarewa). Kuma kar ka tsaya kan abin da aka rubuta, ka zagaya bayan ginin ka ga durom-durom ɗin da ke ajiye, ka ga ko akwai ramin zirarar ruwa a ƙasan ɗakin ajiyar sinadarai. In kana shakkar inda wani bututu ya nufa, zuba kalar gwaji a ciki ka sa yaronka ya tsaya a manhol na gaba (ramin duba bututu mai murfi a titi) ya ga ko za ta ɓullo.

Bayan nan sai ka ware manya daga ƙanana, don ba za ka iya sa wa kowa ido daidai wa daida ba. A Amurka, ƙa'idojin da suka biyo bayan dokar tsaftar ruwa ta 1972 sun ce duk masana'antar da ke sakin galan 25,000 na ruwan aiki a rana, wajen lita 95,000 kenan, ko wadda ta kai kashi 5 cikin 100 na abin da matata za ta iya ɗauka, babba ce kuma dole a riƙa bibiyarta. Ma'auni ne mai kyau na farawa, amma ni a ganina yawan ruwa kaɗai ba ya isa, ɗan ƙaramin shagon da ke wanke ƙarfe da sayanayid ya fi katafaren kamfanin lemo haɗari ko da bokiti goma yake zubarwa.

Sai doka. Ba za ka iya hana mutum abin da ba a rubuta ba, don haka majalisar gari ta zartar da dokar amfani da magudana, kuma kashinta na farko ya zama abubuwan da aka haramta wa kowa da kowa ba tare da wani lasisi ko roƙo ba. Na ɗaya duk abin da ke kama wuta, fetur da tina da makamantansu, a ƙa'idar Amurka duk ruwan da tururinsa ke kamawa a ƙasa da digiri 60 na Salshiyas an hana. Kar ka ɗauka tsoratarwa ce. Ranar 13 ga Fabrairu 1981 a birnin Luwibil na jihar Kentaki, sinadarin hekzen da ya tsere daga wata masana'antar matse man waken suya ya cika magudana, ya kama da asuba, tituna suka dare suka rufta, da yake gari bai waye ba ne ba a rasa rai ba. A Gwadalahara ta ƙasar Meziko kuwa ranar 22 ga Afrilu 1992 fetur ne ya shiga magudana, mutanen unguwa sun yi kwanaki suna kai ƙarar warin fetur na fitowa daga ƙasa, ba a kwashe su ba, da ya fashe mutum fiye da 200 suka mutu. Duk ran da wani ya kira ofishinka yace yana jin warin mai a lambatu, a ranar za a je da na'urar auna gas.

Na biyu asid da ruwan da ya cika kaifi ta ɓangaren soda. Amurka ta ce pH, wato ma'aunin asid da soda a ruwa wanda saukarsa ke nuna yawan asid, kar ya sauka ƙasa da 5, garuruwa da dama kuma suna sa tsakanin 6 da 10, asid cin siminti yake yi, sannan in ya haɗu da ruwan majema mai salfayid ko ruwa mai sayanayid a cikin bututu sai ya saki iskar da ke kashe mutum nan take. Na uku zafi, a Ingila iyakar wajen digiri 43 ce a inda ake zubawa, a Amurka kuma an ce kar ruwan da ke isa matata ya haura digiri 40. Sai duk abin da ke toshe hanya, yashi, siminti, tsumma, gashin fata, tumbi da kayan ciki daga mayanka, baƙin mai daga gareji. Ruwan sama ma a hana shi shiga in bututunka na ƙazanta ne zalla, indararon gida ɗaya ba komai ba ne amma na gida dubu zai sa manhol ya yi ambaliya a tsakiyar titi.

Inda aikin ya fi buƙatar nutsuwa shi ne sa iyaka da lamba ga ƙarafa masu guba irin su kiromiyam, dalma, zaiba, kadmiyam, tagulla, tutiya da nikel. Abin da na fi gani shi ne a kwafo teburin wani gari a manna, alhali matatarku ba girmansu ɗaya ba, kogin da kuke zubawa ma ba ɗaya ba. Daga matata ake faro lissafin a dawo baya. Bari in ba da misali da lambobi masu sauƙi don a gane hanyar. A ce matatarka na karɓar lita miliyan 10 a rana, a ce kuma injiniyoyi sun auna sun ga abin da za ta iya jurewa na wani ƙarfe miligiram 1 ne a kowace lita, kaga kilo 10 kenan a rana gaba ɗaya. Ka auna ruwan unguwannin da babu masana'anta ka ga gidaje da kansu suna kawo kilo 1, ka ajiye wani kilo 1 saboda tsaro da masu zuwa nan gaba, saura kilo 8. In masana'antun da ke da wannan ƙarfen duka suna sakin lita miliyan 2 a rana, to iyakar kowa miligiram 4 ce a lita. Kuma ka yi lissafin sau uku, ɗaya don kare ƙwayoyin, ɗaya don kare kogi, ɗaya don lakar da ke kwantawa a ƙasan tanki, domin ƙarfe ba ya ruɓewa, cikin lakar yake taruwa, in ya yi yawa ba za a iya kai ta gona a matsayin taki ba sai dai a biya kuɗi a binne. Wanda ya fi tsauri cikin ukun shi zaka ɗauka.

Dole dokar ta hana sirki, wato mutum ya buɗe famfo ya ƙara ruwa mai kyau a kan dagwalonsa don lamba ta sauka. Kilo nawa ya zuba shi ne kilo nawa ya isa matata, ruwan da ya ƙara nauyi ne kawai a kan famfunanka. Maganinsa a lasisi ka rubuta iyaka biyu, miligiram a lita da kuma kilo a rana, tare da mita a bakin bututunsa.

Shi lasisin kar ya zama na har abada, a Amurka ba ya wuce shekara 5, kuma hakan daidai ne tunda kamfani na canza kaya da injina. A ciki a rubuta yawan ruwa, iyakoki, irin tacewar da zai yi a harabarsa kafin ya sako (tankin daidaita pH, tankin kwantar da ƙarfe da farar ƙasa, tankin tara ruwa don ya riƙa saki a hankali maimakon juyewa lokaci guda), sau nawa zai kai samfur lab, da wanda zai kira cikin gaggawa in tanki ya fashe. Abu ɗaya da zan nace a kai: ramin ɗaukar samfur ya kasance a wajen katanga ko inda ma'aikacinka zai isa ba sai ya jira maigadi ya nemo manaja ba, don minti ashirin da za a tsayar da kai a get ya isa a rufe wani bawul a buɗe wani.

Kar manyan kamfanoni su ɗauke maka hankali ka manta da maiƙo. Gidajen abinci, otal, kicin ɗin asibiti da na makaranta, kowanne ya sa tarkon maiƙo, kuma a kwashe shi da zarar kitsen sama da dattin ƙasa sun kai kashi ɗaya cikin huɗu na zurfinsa, a ajiye rasit ɗin wanda ya kwashe. A 2017 a unguwar Waitcafel ta Landan an tarar da dunƙulen kitse haɗe da tsumman goge jiki mai nauyin tan 130 da tsawon mita 250 ya toshe magudana, makonni aka yi ana fasa shi. Gareji da wurin wankin mota su sa ramin raba mai da yashi. Asibitin haƙori ya sa matarin zaiba, Amurka ta wajabta hakan tun 2017. Motocin yasar masai kuma a ba su wuri guda na juyewa a yi musu rijista, direba ya rubuta inda ya ɗebo, a duba pH da wari kafin a buɗe masa, saboda ta nan ake shigo da dagwalon kamfani da sunan na gida.

Wajen ɗaukar samfur, rahoton da kamfani ke kawowa da kansa yana da amfani amma naka shi ne hujja. Ka je ba sanarwa, ka je da dare, ka je ranar hutu da ranar da suke wankin injina. Ga ƙarafa da BOD (ma'aunin ƙarfin dattin ruwa) a haɗa samfur na awa 24 da injin da ke zuƙa kaɗan kaɗan, amma pH, maiƙo, sayanayid da salfayid ɗiba ɗaya ake yi nan take don suna canzawa in sun zauna. Kwalba a rufe a sa hatimi a sa cikin ƙanƙara, kowa ya taɓa ya sa hannu da lokaci, ka kuma raba biyu ka ba kamfanin rabi ya kai lab ɗin da yake so, ranar da aka je kotu wannan takardar ce za ta tsaya maka.

Akwai kuma dattin da ba guba ba ne amma nauyi gare shi, kamar na kamfanin madara, na giya, na sitaci, da jinin mayanka wanda ƙarfinsa ya ninka na ruwan gida sau ɗaruruwa. Wannan kuɗi ake caja. BOD shi ne yawan iskar oksijin da ƙwayoyin ke buƙata kafin su cinye dattin, ruwan gida yakan kai miligiram 200 zuwa 300 a lita, kuma a lissafin Tarayyar Turai mutum ɗaya giram 60 ne a rana. Kamfanin da ke sakin lita 100,000 a kan miligiram 3,000 ya ɗora maka kilo 300, daidai da mutum 5,000, haba ai ba adalci ba ne ya biya kuɗin gida ɗaya talakawa su ɗauki sauran kuɗin wutar hura iska. A Birtaniya suna amfani da lissafin Mogden, wanda ke haɗa yawan ruwa da ƙarfin datti da yawan laka. Da zarar kuɗin ya fara cizo zaka ga mai mayanka ya fara tara jini daban da kansa.

Hukunci kuma a rubuta matakansa tun kafin a kama kowa, a bi su a kan kowa: kira da takardar gargaɗi, wa'adin gyara mai kwanan wata, tara ta kowace rana wadda ta fi kuɗin da ya tsira da shi ta hanyar ƙin gyaran, sannan toshe bututunsa da kai shi kotu. A Amurka har sunayen manyan masu karya doka ake bugawa a jarida duk shekara. Wahalar a nan ita ce mai kamfanin sau da yawa shi ne babban mai ɗaukar aiki a garin, za a yi ta kiranka a waya, shi ya sa rubutaccen mataki ke kare ka kai ma. Ikon toshewa nan take in akwai haɗarin wuta ko guba ya kasance a hannun shugaban sashen, ba sai an jira zaman majalisa ba.

Yaran da zaka tura su buɗe manhol kuma, don Allah kar wanda ya leƙa ko ya sauka sai an zura na'urar auna gas an ga oksijin da iskar salfayid da gas mai kamawa. Iskar salfayid warin ruɓaɓɓen ƙwai take yi in kaɗan ce, in ta yi yawa sai ta kashe jin warin hanci mutum ya ɗauka ta wuce. A hura iska a ramin tukuna, mai sauka ya ɗaura igiya a jikin ƙugiya mai ƙafa uku, mutum ɗaya ya tsaya a sama, kuma a gaya masa da babbar murya in na ciki ya faɗi ya jawo shi da igiyar ya kira agaji, kar ya bi shi ciki.