Ka yi tatu yanzu kana da-na-sani? Karanta wannan kafin ka taɓa fatarka

Ni nawa a damtsen hagu yake, harafin farko na sunan wata yarinya da ɗan fure a ƙasansa, a Agege aka zana min lokacin ina bin motar tumatir zuwa Legas, ban fi shekara 22 ba. Yarinyar yanzu 'ya'yanta uku a gidan wani. Ranar da Inna ta gani na fito wanka da zani a kafaɗa, kallona kawai ta yi ta ce "ɗan nan, abin da ka je Kudu ka kwaso min ke nan?" Wallahi a daren nan da na sami reza da na fere wurin.

To abu na farko ke nan, kar ka taɓa shi cikin zafin rai. Akwai abokina da ya ɗiga wa nasa ruwan batir, yau abin da ke hannunsa tabo ne mai tudu kamar an kwantar da tsutsa, yana masa ƙaiƙayi in an yi zafi, kuma abin haushin tawadar tana nan a gefe-gefe ba ta fita ba. Dalili shi ne tawadar ba a saman fata take ba, allura tana kai ta zurfin milimita 1 zuwa 2 ne, cikin fata ta biyu da ba ta saɓulewa. Shi ya sa lalle yake gogewa cikin sati biyu-uku amma tatu yana nan har tsufa. Saboda haka gishiri da lemon tsami da man bilicin da ruwan ƙwallon kashu da dutsen guga da mayukan nan da ake tallarsu a Instagram, duk dai abu biyu ne, ko su ci kuɗinka a banza ko su ƙona ka.

In sabo ne ma dole ka bari ya warke, sati 6 zuwa 8 aƙalla kafin wani likitan kirki ya yarda ya taɓa shi. Kuma in a bakin titi aka yi maka kamar ni, ba ka ga an ɓare sabuwar allura a gabanka ba, je ka yi gwajin ciwon hanta na B da C da na HIV, wannan ya fi zanen gaggawa.

Sai ka zauna ka tambayi kanka, takamaimai me ke damuna da shi? Domin amsar ce za ta nuna maka hanya. In idon mutane ne kuma zanen yana inda riga ke rufewa, ƙila barinsa ya fi maka sauƙi, doguwar riga ta gama magana, mata kuma akwai fandeshan mai kauri da ke ɓoye shi na wuni guda in za a je biki. In aiki ne, misali kana son shiga soja, ka sani a Najeriya sharuɗɗan ɗauka sun hana mai zane a jiki kuma tuɓe ka za a yi a duba, nan kam sai cirewa, kuma ka fara da wuri don ba aikin wata ɗaya ba ne.

In kuwa addini ne, kamar yawancinmu, hadisin yana cikin Buhari da Muslim, an tsine wa mai yin jarfa da wadda ake yi wa. Abin da ya fi hana ni barci shi ne ko alwalata tana yi. Malamai da yawa sun ce tana yi, tunda tawadar tana ƙarƙashin fata ba ta tare ruwa, kuma abin da ke kanka shi ne tuba, sannan ka cire in za ka iya ba tare da ka cutar da kanka ba. Ka sami malamin da ka yarda da shi ka faɗa masa gaskiya, kar kunya ta sa ka daina zuwa masallaci, na ga wanda ya yi haka.

Rufe shi da wani zanen, ba zan daɗe a kai ba. Sabon dole ya fi tsohon girma da duhu, in wata rana ka so cirewa ka ninka wa kanka aiki, kuma in addini ne ya dame ka to ai tatu ne a kan tatu.

Cirewa ta gaskiya hanya biyu ce. In ƙarami ne sosai likitan tiyata zai iya yanke wurin ya ɗinke, ka rabu da shi rana ɗaya amma ka zauna da layin tabo. Ɗayar ita ce leza, wato wani haske mai ƙarfi da inji ke harba wa fata, hasken yana farfasa tawadar ta zama ƙanana sai jiki ya riƙa kwashe ta a hankali, shi ya sa ake ba da tazarar sati 6 zuwa 8 tsakanin zama da zama, kuma sau da yawa sai an yi zama 6 zuwa 10 ko fiye. Baƙar tawada ta fi saurin fita, kore da rawaya taurin kai gare su, fara kuma tana iya komawa baƙa in haske ya taɓa ta. Zanen bakin titi yakan fi na ƙwararru saurin gogewa don tawadarsa ba ta da yawa, nan dai arha ta yi rana.

Ga inda mu baƙaƙen fata za mu buɗe ido. Lezar ba ta san bambancin baƙin tawada da baƙin fatarka sosai ba, in injin bai dace ba sai ka tashi da farin tabo kamar wanda wuta ta ƙona. Ka tambaye su kai tsaye wane inji gare su, wanda aka fi amincewa da shi ga fatarmu shi ne Nd:YAG mai lamba 1064, in suka fara kame-kame ɗauki takalminka. Ka nemi likitan fata, ba shagon gyaran jiki da suka sayo inji jiya ba, ka ce a gwada a ɗan lungu ɗaya tukunna a ga yadda fatar za ta yi. Kuma ka duba jikinka, tsohon ciwo, hujin kunne, ƙurajen aski a ƙeya, in tabonka yana tashi ya yi tudu ka faɗa wa likita tun kafin ya kunna komai. Kuɗi kuma duk abin da suka ce na zama ɗaya ka ninka shi goma ka ga ko aljihunka zai ɗauka.

Zafin kamar mai ya fallatso maka wajen suyar ƙosai ne, sau da yawa a jere, amma minti kaɗan an gama. Wurin zai yi fari fat na ɗan lokaci, ya kumbura, wani lokacin ya yi bororo, kar ka fasa, kar ka ɓanɓare ɓawon, ka rufe shi daga rana, in ya fara ruwa ko wari ka koma asibiti.

Ni zama bakwai na yi cikin shekara ɗaya da rabi, sai da na sayar da tsohon babur ɗina a tsakiya. Harafin ya tafi, furen ne ya rage kamar shayi ya ɗiga a riga an wanke, likitan ya ce saura zama biyu, ni kuma na ce sai bayan girbi in Allah ya kai mu.