Yadda Ake Haɗa Tantanin Batirin Haidirojin a Ɗakin Gwaje-gwaje, da Abin da Yanayin Bauchi Ke Sauyawa a Aikin

Batirin haidirojin ba ya ajiye wuta kamar batirin mota, samar da ita yake yi muddin ana ba shi haidirojin ta gefe ɗaya, iska kuma ta ɗaya gefen. A tsakiyarsa akwai wani tantanin roba wanda kaurinsa bai fi na takarda ba. Idan haidirojin ya taɓa filatinom da ke jikin tantanin sai ya rabu gida biyu, furoton ya ratsa ta cikin tantanin, ilektiron kuma ya zagaya ta waya ya ba da lantarki, sannan su haɗu da iskar oksijin su zama ruwa. Aikin tantanin shi ne ya bar furoton ya wuce, ya tare ilektiron, ya kuma hana iskokin biyu cakuɗuwa, a zafin da yakan kai digiri 80.

Kamfanin General Electric ne ya fara ƙera irin wannan batiri, har aka yi amfani da shi a kumbon Gemini na Amurka a 1965, amma tantaninsa na folistairin bai da juriya. Nafion, wanda Walther Grot ya gano a kamfanin DuPont a ƙarshen shekarun 1960, shi ne ya zama ma'aunin da ake gwada kowane sabon tantani da shi har yau. Sai dai yana da tsada, kuma haɗa shi daga tushe ya fi ƙarfin ƙaramin ɗakin gwaje-gwaje. Abin da ɗalibin kimiyyar sinadarai a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ko Jami'ar Jihar Gombe zai iya haɗawa da hannunsa shi ne SPEEK, wato robar PEEK mai jure zafi da aka ɗaura wa rukunin asid da ake kira salfonik, waɗanda su ne matakalar da furoton ke bi.

Ana fara aikin da busar da garin PEEK a obin, a digiri 100, har kwana ɗaya, domin danshin da ke jikinsa yana rage ƙarfin asid. Daga nan sai a zuba giram 5 kaɗan-kaɗan cikin mililita 100 na asid ɗin salfurik mai ƙarfin kashi 95 zuwa 98 cikin ɗari, ana juyawa har ya narke ya yi kauri da launin ja mai duhu. Wannan asid shi ne ruwan batir da kowa ya sani, amma a tsananinsa, saboda haka ba a taɓa shi sai da tabarau na kariya da safar hannu, a cikin akwatin zuƙe hayaƙi.

A nan ne nake so mai karatu ya tsaya ya yi tunani sosai, domin a nan aka fi yin asara. Yawan rukunin salfonik da zai kama robar ya dogara ne ga lokaci da zafi. A digiri 25 aikin yakan ɗauki kwanaki, a digiri 50 kuwa sa'o'i kaɗan sun isa. Takardun bincike na ƙasashen waje sukan rubuta cewa an yi aikin a zafin ɗaki, amma ɗakinsu ba namu ba ne. A watan Maris da Afrilu zafin Bauchi yakan doshi digiri 40 da rana, kuma wanda ya kwafi sa'o'insu a bazara zai sami robar da ta sha salfonik fiye da kima, wadda za ta kumbura ta yi laushi kamar kamu da zarar ta shiga ruwan zafi. Shawarata ita ce a ajiye kwalbar a cikin wankan ruwa mai tsayayyen zafi, a riƙa rubuta abin da ma'aunin zafi ya nuna, a kuma ɗebi samfuri a lokuta uku ko huɗu domin a fitar da jadawalin da ya dace da ɗakin da ake aiki. Abin nema shi ne salfonik ya kama kashi 50 zuwa 65 cikin ɗari na gaɓoɓin robar.

Idan lokaci ya cika, sai a tsiyaya haɗin a hankali cikin ruwan ƙanƙara mai yawa, ana juyawa. Kada a kuskura a zuba ruwa cikin asid. Robar za ta daskare nan take ta zama farin zare kamar taliya, sai a yi ta wanke ta har takardar gwajin asid ta nuna ruwan wankin ya daidaita, sannan a busar a digiri 60. Duk wannan da tataccen ruwa ake yi, har ƙanƙarar ma. Na taɓa ganin aikin mako uku ya lalace saboda tataccen ruwa ya ƙare an cika wankin da ruwan burtsatse: a ido tantanin ya fito lafiya lau, amma kalsiyam da ke ruwan ya riga ya zauna a gurbin furoton, ƙarfe kuwa, ko kaɗan ne, yana hanzarta ruɓewar roba a cikin batiri.

Busasshen SPEEK ana narkar da shi a sinadarin DMAc, kashi 10 cikin ɗari bisa nauyi, a tace. Na fi son DMAc a kan DMF, wani sinadarin narkarwa makamancinsa, domin an lura DMF yakan maƙale wa rukunin salfonik ya rage tafiyar furoton. Sai a zuba a kan farantin gilashi mai tsabta wanda aka daidaita da lebur irin na magina, domin karkata kaɗan tana sa gefe ɗaya ya fi kauri. A lokacin hunturu wajibi ne a rufe farantin da murfi mai 'yar kafa, saboda ƙwayar ƙura ɗaya tana iya barin huda, huda kuma hanya ce da haidirojin zai bi ya haɗu da oksijin kai tsaye. A busar a digiri 60 zuwa 80 na tsawon awa 24, kuma a tanadi janareta ko inbata tun kafin a fara, domin yankewar wuta a tsakiyar bushewa tana barin tabo a fuskar tantanin. Idan ya bushe, a tsoma gilashin cikin tataccen ruwa, tantanin zai ɓanɓaro da kansa. A jiƙa shi kwana ɗaya a asid ɗin salfurik mai ƙarfin mola 1 (mola ma'aunin yawan sinadari ne a kowace lita), a wanke, a auna kaurinsa a wurare biyar. Maikiron 50 zuwa 100, wato milimita 0.05 zuwa 0.1, ya yi.

Gwajin farko ba ya buƙatar na'ura mai tsada. A auna nauyin busasshen yanki, a jiƙa shi awa 24 a ruwan gishiri mai ƙarfin mola 1 domin sodiyam ya kori furoton, sannan a riƙa ɗiga ruwan soda (NaOH) mai ƙarfin mola 0.01 tare da finolftalin, sinadarin da ke sauya launi idan asid ya ƙare, har ruwan ya koma ruwan hoda. Yawan sodar da aka ci, a ma'aunin milimol, idan aka raba da nauyin yankin, shi ne ƙarfin musayar tantanin. Na Nafion kusan milimol 0.9 ne a kowane giram, SPEEK kuwa da ya sami 1.8 salfonik ɗinsa ya kai kusan kashi 60. Bayan haka a auna nauyinsa da faɗinsa a bushe da kuma a jiƙe, a ruwa mai digiri 80, domin a ga yadda yake kumbura.

Auna tafiyar furoton kuwa sai da na'urar imfidans, mai auna yadda abu ke turje wa lantarki, kuma adadin da ake kwatantawa da shi shi ne kusan simens 0.1 a kowace santimita (simens ma'aunin sauƙin wucewar lantarki ne), wanda jiƙaƙƙen Nafion ke bayarwa. Furoton a kan ruwa yake tafiya, saboda haka yankin da aka bari a kan tebur a watan Janairu zai bushe cikin mintuna ya ba da sakamakon da ba nasa ba. A bar shi cikin tataccen ruwa har lokacin da za a ɗora shi a na'urar, a kuma rubuta zafi da danshin ɗakin kusa da kowane adadi da aka samu.