Yadda za ka gano sunan furen da ka gani a lambu

Da rani na shiga wani lambu a nan Sakkwato, na tarar da wata 'yar bishiya mai ƙaton gindi kamar tulu, ganye kaɗan, furanni jaja-jaja. Ban san ta ba. Ga yadda na bi har na gano ta.

Kada ka tsinke komai. Ka ɗauki hoto huɗu: furen ta gaba, ganyen, gindin, sai shukar gaba ɗaya. Mutane kan ɗauki furen kawai, alhali ganye da 'ya'ya su ma suna tona asirin shuka. Ka ƙirga kunnuwan furen. Na furen da na gani biyar ne, haɗe ta ƙasa kamar mazurari. Ka duba ko ganyen suna fuskantar juna ko sun taru a ƙarshen reshe.

Daga nan ka saka hotunan a PlantNet ko Google Lens, manhajojin waya masu gane abu daga hoto. Ni ba na yarda da amsar farko sai na gwada ta da abin da idona ya gani. Waya ta ce mini Adenium obesum.

Na sami tsohon da ke ban ruwa, na ce, "Baba, me ake ce wa wannan?" Ya yi dariya ya ce, "Ƙariya ce, ɗana. Wanke hannunka in ka taɓa ruwan jikinta, dafi ne." Danginsu ɗaya da tumfafiya, ashe.

In har yanzu da kokwanto, kai hotunan wurin malaman ilimin tsirrai a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.