Kafin Ka Saka Tsohon Kaset a Rediyo

Assalamu alaikum jama'ar Damagaram. Mai tsoffin kaset na wa'azi ko na biki a akwati, ka fiddo su daga ɗakin kwano tun kafin zafin Afrilu, don zafi na lanƙwasa zaren, ƙurar hunturu kuma ta cinye kan rediyo, wato ɗan ƙarfen da ke karanta zaren. Kada ka saka kaset ɗin a rediyo kai tsaye. Sa biro a ramin ka juya a hankali har ƙarshe, zaren da ya manne ya saki. Kan rediyon kuma a goge da auduga da ɗan alkol na farmasi. Sannan ka haɗa rediyon da kwamfuta ta kebul, ka naɗi sautin da Audacity, manhajar ɗaukar sauti ce ta kyauta. Kwafi biyu za ka yi, ɗaya a kile (USB), ɗaya a wajen ɗan'uwa, don kile ma yakan mutu ba sallama.