Yadda ake kafa lambun tsakar gida kafin saukar damina

A nan Sudan, yankin Sinnar da Jazira, daga Mai Wurno har Wad Madani, watan Mayu da farkon Yuni su ne ƙarshen bazara. Da rana zafi kan haura digiri 40, da la'asar kuma habub na iya tasowa ta lulluɓe komai da ƙura. Shi ya sa da yawa ke cewa a bari sai kharif, wato damina, ta sauka. Ni dai asara nake ganin hakan. Shukar da ta yi sati uku ko huɗu kafin ruwan farko ta riga ta kama ƙasa, ruwa na zuba sai ta zabura, kana cin ɗanyar kuɓewa ta maƙwabci tana ganye huɗu.

Fara da wuri. Ka zaga gidan da hantsi, ka sake zagawa bayan azahar, ka ga inda ke samun ranar safe amma inuwar katanga ko ta dogon yaro ke rufe shi da yamma. Nan ne lambunka. Idan babu, ka kafa 'yar rumfa da zana ko buhu ta ɓangaren yamma. Kada ka rufe sama ruf, kuɓewa ba ta 'ya'ya a duhu. Ka kuma yi shinge tun yau, don akuya ba ta jiran gobe.

Sai ƙasa, kuma a nan aikin yake. Baƙar lakar nan tamu da ke tsagewa da rani tana da ƙarfi, amma in ta bushe dutse ce, in ta jiƙe danƙo. Ka zuba mata ruwa da yamma, ka bari kwana biyu ta sha iska, sannan ka sa fartanya zurfin taƙi ɗaya. Ka gauraya ta da gurera, ƙasar bakin kogi da masu amalanke ke kawowa, ka ƙara yashi kaɗan da takin akuya ko na shanu wanda ya ruɓe. Yadda za ka gane ya ruɓe: ya yi baƙi, yana marmashewa a hannu, ba wari. Ɗanyen taki a wannan zafin ƙona saiwa yake yi, ga gayyato gara. Ka ja fangali kamu biyu faɗi, mai ɗan gefe da zai riƙe ruwa, amma ka bar masa baki guda da za ka buɗe idan ruwan Yuli da Agusta ya yi yawa. Laka ba ta tsotse ruwa da wuri, kwana biyu shuka na tsaye cikin ruwa sai saiwa ta ruɓe.

Me za a shuka? Ba tumatir ba. Na taɓa yin taurin kai, na dasa gindi goma a watan Mayu, suka yi kore shar, suka yi fure, furen duk ya zube. Goggona ta zo ta duba, ta ce, "Ɗan nan, tumatir na sanyi ne, ka ba shi Oktoba." Gaskiyarta, zafi in ya wuce digiri 35 furensa ba ya ɗaurewa. Jirjir, ganyen da ake ci ɗanye, da albasa ma su jira sanyi. Na yanzu su ne kuɓewa, lalo wanda a kasuwa ake ce wa khudra, rijla (ganyen miya mai kauri da ke yaɗo a ƙasa), yakuwa, wake da ajjur mai kama da kokwamba.

Kuɓewa ka jiƙa irin a ruwa ya kwana, da yamma ka binne ƙwaya uku a rami zurfin gaɓar yatsa, tsakanin rami da rami taƙi biyu. Cikin mako guda za ta tsiro. In ta yi ganye huɗu ka cire raunanan, ka bar ɗaya ko biyu. Wajen kwana 50 zuwa 60 za ka fara tsinka, kuma kada ka wuce kwana biyu ba ka leƙa ba, ko ta yi ƙarfi. Wadda ta yi yawa a yanyanka a shanya, ga busasshiyar kuɓewa, wato weka, ta miya.

Lalo yana da gardama. Irinsa kan ƙi tsirowa, don haka a ƙulle shi a tsumma, a tsoma a ruwan zafi kamar ƙirga goma, a fitar, a baza a inuwa ya sha iska. Ka cuɗa shi da yashi ka watsa, ka bi da tafin hannu kana dannawa. Bayan kwana 35 zuwa 40 ka yanka sama, ka bar taƙi guda, zai sake tofowa. Rijla kuwa watsa ta kawai, sati uku zuwa huɗu ta isa tukunya. Yakuwa a jera ta gefen katanga, a ci ganye da damina, zoɓorodon sai wajen Nuwamba.

Ban ruwa da asuba ne ko gab da magariba, a gindi, a hankali, har ya shiga. Kafin iri ya tsiro kada saman ƙasa ya bushe, ko da sau biyu ne a rana. Bayan nan ka cusa yatsa, in da danshi ka bari. Ka shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa a gindi, kana ɗagawa lokaci lokaci saboda gara. Tsohon tulun da ya fara yoyo kada a yar: a binne shi har wuya a tsakiyar fangali, a cika, a rufe baki, zai yi ta tsatsafowa. Ruwan alwala da na wankin shinkafa duk na lambu ne, na Omo dai a'a.

Na'ana'a da ɗoɗɗoya, wato rihan, a garwa ko tsohon bokiti da aka huda ƙasansa. Na'ana'a reshe ake dasawa, wurinta kusa da randa inda ɗigon ruwa da inuwa suke. Ɗoɗɗoya ka riƙa tsinke kanta da zarar ta fara fure. Furanni kuma winka da sabahul khair ba su san zafi ba. Ka karɓi reshen sabahul khair a maƙwabta ka soka a ƙasa, shi ke nan.

Bayan kowace habub ka yayyafa wa ganye ruwa ka wanke ƙurar, ka juya ganyen ka duba bayansa. In ka ga farin ƙuda ko darɓa mai danƙo, ka daka ƙwayar 'ya'yan dogon yaro cikin tafi ɗaya, kimanin giram 50, ka jiƙa a lita guda ya kwana, ka tace da tsumma, ka fesa da yamma har bayan ganye. A maimaita bayan mako guda, ganyen miya kuma a wanke shi sosai saboda ɗaci.